Makullin Rumbu

Ni ce Barira ta Gidan Tudu.
Makullin rumbun gari na ƙulle a haɓar zanena.
Ba ni na nema ba. An taru gindin tsamiya,
aka ce, ke kin iya lissafi, kuma bakinki da nauyi.

Bayan girbi kowa ya kawo nasa,
mai dami, mai tiya, mai rabin kwano.
Ɗantala ya kawo wake duk ƙwari,
na karɓa, na shanya, ban tanka ba.
Muka ja ƙofa muna jiran marka.

Ga ta nan ta zo.
Gero ya kai wuyan mutum, bai fid da kai ba.
Duniya kore shar, tukwane a kife.
Yau na zura hannu a buhun ƙarshe,
farcena ya karci gindinsa.

Manaja Nafi'u, da kai nake.
Daga tsakar gidana ina hango hayaƙin injinka
can kan hanyar Auyo,
dare da rana yana cashe shinkafar fadamarmu.
Ban ce ka cuce mu ba. Ka saya, ka biya.

Bara kun zo ranar jajibere,
mota uku da mai ɗaukar hoto,
buhu ashirin, kowanne da sunanku da jan fenti.
Mun gode, Allah ya saka.
Sai dai yunwa ba ta san jajibere ba,
baƙuwar Agusta ce,
ba ta sallama, kuma sai ta yi arba'in take naɗe tabarma.

Tsakin da rariyarku ke zubarwa,
wanda masu kaji ke kwasa a araha,
a nan tuwo ne, har da na ɗumame.
Ware mana buhu biyar duk wata.
A rubuta, a sa hannu,
don in na ce wa Tasalla ta dawo Laraba
kada Laraba ta mai da ni maƙaryaciya.

Motarku mai zuwa ɗaukar shanshera
wayam take shigowa, tana kuka kamar gwangwani.
Me zai rage ta in ta zo da kaya?

Ka faɗa wa abokinka mai taliya:
kwalin da ya rage masa wata biyu
a nan ba ya kwana bakwai.
Wanda ya riga ya lalace kuwa, ya riƙe abinsa,
cikin talaka ba juji ba ne.

Sai katakon nan da kuke ɗora buhu a kai.
Danshi ya cinye mana biyu bana,
ni na zubar da su, da hannuna, ina kau da kai.

Jiya bayan lisha aka ƙwanƙwasa a hankali.
Mutum ya tsaya inda fitila ba ta kai ba,
ya miƙo ƙwarya.
Da dusar da ke gashin idonsa na gane shi,
da rigar aiki mai tambarinku.
Buhu ɗari yake sauke muku a yini.
Albashi sai wata ya mutu,
yara shida kuwa ba sa duban wata.
Na auna masa mudu, na ɗora hannu ya yi tozo.
A littafi na rubuta: baƙo.
Kai ma ba za ka ji sunansa a bakina ba.
Gobe za ka wuce shi a ƙofar sito,
ya rusuna ya ce, ranka ya daɗe.

Na share rumbun, na toshe ramin ɓera da fasasshen tulu.
Ɗan Tasalla ne zai kawo maka takardar nan a keke.
In sun ce kana taro,
na ce masa ya jingine keken, ya jira.